Abin da aka ce kan yaron da ya faɗa shaye-shaye

Ga dunƙulen shawarwarin majalisarmu ta Agege a Legas kan iyalin da ɗansu ya faɗa shan kodin da tiramol. Kusan kowa ya yarda kada a tare shi yana cikin maye, a bari ya wartsake, kuma ba taron dangi ba, mutum biyu da yake jin nauyinsu, kawu ko malaminsa, su zauna da shi ba zagi ba gori.

An fi ja-in-ja kan tura shi gida Arewa don a raba shi da abokan tasha, amma dattawa suka ce ai kayan suna can ma, tun 2018 gwamnati ta hana maganin tari mai kodin amma har yau ana samu a ɓoye. Ni dai gara asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba a nan Legas, don wanda ya daɗe kan tiramol in ya yanke lokaci guda sai ciwon jiki da zufa da rashin barci, likita ne zai rage masa a hankali. Gidan mari kam an ce a'a, sarƙa ba ta cire ƙwaya.

Uwa kuma ta daina ba shi kuɗi a hannu ko ya yi kuka, a saya masa abincin kawai.