Neman kalmar Hausa: me za mu kira "federal character"?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum jama'a. Duk sanda aka fitar da sunayen ministoci ko aka naɗa hafsoshin tsaro, sai an kwashe mako guda ana ta da jijiyar wuya a kan "federal character", amma har yau ba mu da suna ɗaya da muka tsaya a kai da Hausa. Wannan gidan rediyo ya ce raba-daidai, wancan ya ce daidaiton rabon muƙamai, wata jarida ta ce daidaita ɗaukar ma'aikata. Akwai ma masu rubuta "halayyar tarayya", wanda in ka karanta wa mutumin da bai yi boko ba sai ya zaci ana tambayar ko gwamnati tana da kirki.

Ga abin da ake nufi, don kada mu yi ta harbi a duhu. Sashe na 14(3) na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce a tsara gwamnatin tarayya da hukumominta ta yadda mutanen wasu 'yan jihohi, ko wasu 'yan ƙabilu, ko wani ɓangare, ba za su mamaye ta ba, domin a samu haɗin kai kowa kuma ya ji ƙasar tasa ce. Sashe na 14(4) ya ɗora wa jihohi da ƙananan hukumomi irin wannan nauyi. Kalmar ta fito fili ne a jawabin Janar Murtala Muhammad ga kwamitin rubuta tsarin mulki na Rotimi Williams a watan Oktoba na 1975, ta shiga tsarin mulkin 1979, sannan gwamnatin Abacha ta kafa mata hukuma da doka ta 34 ta 1996.

Ina son kalma gajeriya wadda mai labarai zai faɗa da numfashi ɗaya, wadda kuma ba ta yi wa dokar ƙarya ba. Bismillah.

Tsohon ɗan jarida:
Malam, wannan ai an gama shi tuntuni. Raba-daidai. Ta zauna a bakin mutane, in ka ce Hukumar Raba-daidai har mai shayi ya san inda ka dosa. Kalmar da kunne ya saba da ita ba a tayar da ita sai da babban dalili.

Mai tambaya:
Ranka ya daɗe, dalilin nawa shi ne kalmar tana yin alkawarin da doka ba ta yi ba. Daidai tsakanin wa da wa? Ƙa'idar hukumar ita ce 'yan kowace jiha kada su gaza kashi 2.5 cikin ɗari na ma'aikatan wata hukuma, kada kuma su wuce kashi 3, Abuja kuwa kashi 1. To a ƙidayar 2006 Kano na da mutum miliyan 9.4, Legas miliyan 9.1, Bayelsa miliyan 1.7. Kasonsu ɗaya. Saurayin da ya gama digiri a Dala yana gogayya da fiye da ninki biyar na mutanen da takwaransa na Yenagoa yake gogayya da su, a kan guraben da yawansu ɗaya ne. Idan ka ce masa raba-daidai aka yi, zai ce maka da sake.

Juya ta ɗaya gefen kuma. Arewa maso yamma jihohi bakwai, kudu maso gabas biyar. Tunda sashe na 147(3) ya ce kowace jiha a ɗauko mata minista aƙalla ɗaya, tun kafin shugaban ƙasa ya ɗaga alƙalami wancan yanki ya fi wannan da kujeru biyu. Shi ma mutumin Enugu in ya ji "daidai" dariya zai yi. Kalma ɗaya, ta ɓata wa Bakano rai, ta ɓata wa Inyamuri rai, kowa yana ganin an yaudare shi.

Wani daga Gombe:
To a ce karɓa-karɓa mana, a huta.

Malamar Hausa:
A'a, ɗan'uwa, wannan tana da mai ita. Karɓa-karɓa kujera ɗaya ce ake juyawa, yau Arewa gobe Kudu, kamar yadda aka bar wa Yarabawa fili a 1999, Obasanjo da Olu Falae suka kara, don a rarrashi waɗanda aka soke musu zaɓen 12 ga Yunin 1993. Ita ce kuma aka yi rigima a kanta bayan rasuwar 'Yar'aduwa a 2010. Yarjejeniyar jam'iyya ce, babu ta a tsarin mulkin ƙasa. Abin da Malam yake tambaya kujeru ne da yawa a lokaci ɗaya, kuma doka ce. In muka haɗa su a suna ɗaya mun ƙara dagula wa mai sauraro lissafi.

Ni shawarata: damawa da kowa. Ku duba sashe na 318, inda aka yi bayanin kalmar, magana ce ta kowane ɗan ƙasa ya ji ana yi da shi. Da Hausa kuwa in mutum ya ce "ba a damawa da mu", ya gama kai ƙara. Fura ce a ƙwarya ɗaya, kowa da ludayinsa, ba a ce lallai cikin kowa ya ɗauki daidai da na wani ba, amma ba a hana kowa zama ba. Ga shi ba ta yi alkawarin lissafi ba, wanda shi ne ƙorafin Malam.

Mai tambaya:
Malama, wannan ta shige ni, ba zan ɓoye ba. Matsala guda: 'yan siyasa sun riga mu. Duk gwamnan da aka rantsar sai ya ce zai kafa gwamnatin damawa da kowa, yana nufin zai ba 'yan adawa biyu muƙamin mai ba da shawara, ya ɗauki mace ɗaya kwamishina. Kalmar ta zama ta ranar rantsuwa. In aka ce shugaba ya saɓa wa damawa da kowa, ba a jin an taka doka, sai dai a ji kamar bai yi kara ba.

Tsohon ma'aikacin tarayya:
'Ya'yana, ku bar ni in sa baki, don na ga yadda ake yin abin a ofis. In za a ɗauki ma'aikata, takarda ake bajewa mai layi 37, jihohi 36 da Abuja, kowane layi da adadin mutanen da yake da su a wannan ma'aikata. Inda aka ga ya cika ya tumbatsa sai a ja masa layi, inda aka ga rami sai a ce a nemo. Shi ke nan aikin. Mu kaso muke ce masa, ko gurbin jiha. "Gurbin Yobe ba a cike ba." "Kason Imo ya wuce." Ba wanda yake kiran wata doguwar kalma.

Kuma abin ya girmi Murtala. Tun 1961 aka sa wa ɗaukar hafsoshin soja kaso: rabi Arewa, kashi 25 Gabas, kashi 25 Yamma, zamanin Muhammadu Ribadu yana ministan tsaro, saboda a lokacin sojan ƙasa-ƙasa yawanci 'yan Arewa ne, hafsoshi kuwa akasarinsu daga Kudu. Haka shiga jami'o'in tarayya: kashi 45 cancanta, 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 na jihohin da aka bari a baya a boko. Duk kaso ne. Ku ce tsarin kaso ku wuce wurin.

Malamar Hausa:
Baba, Allah ya ƙara girma, kaso hanyar aiwatarwa ce, ba ita ce manufar ba. Sharaɗin cewa sai ɗan takarar shugaban ƙasa ya samu kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi, ai daga wannan tunani ya fito, kuma ba kason kowa ba ne. Haka dokar da ta ce shugabannin jam'iyya su fito daga sassa daban-daban na ƙasa. A bar kaso a wurinta, tana da aikinta.

Wata daga Jos:
Ni duk sunan da za ku sa, ku tuna da mu da abin yake ci. An haifi kakana a garin nan, an haifi babana, an haife ni, amma ranar da na je neman takardar shaidar asali, ma'aikacin ya ɗaga fom ɗin ya duba sunan mahaifina, ya turo mini shi ta ƙarƙashin gilashi ya ce in je garinmu. Garin da yake nufi ban taɓa kwana a cikinsa ba, can ɗin ma sai an nemi mai unguwar da zai shaide ni. Wannan doka da jiha take aiki, jiha kuma da indijin, wato ɗan asalin jiha, take aiki. Saboda haka kada ku sa mata sunan da ke cewa "kowa". Ba kowa ba ne. Wanda yake da takarda ne.

Matan aure ma haka. Ƙa'idar ta ce mace tana nan a jihar mahaifinta ko da ta shekara talatin a gidan miji. A 2012 sai da aka jinkirta rantsar da wata mai shari'a a kotun ɗaukaka ƙara, don asalinta Anambra ne amma gurbin Abiya, jihar mijinta, aka ba ta.

Mai tambaya:
Hajiya, maganarki ta ƙara kashe mini "damawa da kowa", ta kuma mayar da ni kan nassin dokar. Ku sake karanta shi a hankali. Ba umarni ya bayar a raba ba, hani ya yi. Cewa ya yi kada wasu su mamaye. Wannan mamayewa kuwa Hausa tana da sunanta tun kafin a haifi Najeriya: babakere. Mutum ya zauna a kan abin jama'a ya baje, shi da 'yan garinsu, ya hana kowa matsowa. Handama da babakere, tare ake kiransu.

Don haka ga tawa: hana-babakere.

Ginin kalmar ba baƙo ba ne, haka muke ƙera suna: hana-salla, raba-gardama, fasa-ƙwauri, dafa-duka. Ku gwada ta a baki. "Naɗin nan ya saɓa wa ƙa'idar hana-babakere." "Hukumar Hana-babakere ta dakatar da ɗaukar ma'aikata a wata ma'aikata." "Sanatocin kudu maso gabas sun ce an yi watsi da hana-babakere wajen naɗa hafsoshin tsaro." Tana kuma aiki a ƙasa, inda sashe na 14(4) yake: gwamnan da ya kwashi kwamishinoni shida daga ƙaramar hukumarsa ya yi babakere, ba sai an yi wa kowa fashin baƙi ba. Abin da ya fi burge ni, tana nuna wa mai ƙorafi abin da zai kawo hujja a kai. Ba "an ba su fiye da mu da mutum ɗaya" ba, a'a, nuna mana inda aka mamaye.

Tsohon ɗan jarida:
Kalmar tana da daɗi, amma zagi ce. Wace hukuma za ta rubuta babakere a allon ƙofarta? Edita ma zai ce ka sa ra'ayi a cikin labari.

Malamar Hausa:
Yallaɓai, ai kwastan Hukumar Hana Fasa-ƙwauri muke ce mata, NDLEA kuma Hukumar Hana Sha da Fataucin Miyagun Ƙwayoyi. EFCC ma da sunan masu yi wa tattalin arziki zagon ƙasa ake kiranta. Hukuma ana sa mata sunan cutar da aka kafa ta ta magance, ba wanda ya ce an zage ta. Na janye tawa, na bi ta Malam. Sharaɗina ɗaya: a rubuta da karan ɗori in suna ce, hana-babakere, in kuma aikatau ne a cikin jimla a raba su, "an kafa ta don ta hana babakere".

Wani ɗan ƙwallo:
Ni dai tambayata, shekarar da aka kafa hukumar nan, 1996, ita ce shekarar da muka ci zinare a ƙwallon ƙafa a gasar Olympics ta Atlanta, muka doke Brazil 4 da 3, muka doke Ajantina 3 da 2. Wa ya ƙirga jihar Kanu ko ta Okocha? Babangida da Garba Lawal ba da gurbin Kaduna suka shiga ba. Me ya sa ba za a bar cancanta ta yi aiki ko'ina ba?

Tsohon ma'aikacin tarayya:
Ɗana, a fili kowa yana ganin wanda ya iya, minti casa'in sun isa. A ofis ƙofa a rufe take, mai ɗauka kuma mutum ne, yana da gari yana da surukai. Ba cancanta dokar take faɗa da ita ba, ko da yake na sha ganin an fake da ita an kawo ɗan wani babba wanda ko garin da aka rubuta masa bai san hanyarsa ba, an bar yaran jihar na gaskiya a waje. Wannan ma babakere ne, na masu hali a kan gurbin talakawan jiharsu. In kalmar Malam za ta kama har da su, na yarda da ita.

Mai tambaya:
Za ta kama su, Baba, shi ya sa ma na fi son ta. To ga inda muka tsaya: ƙa'idar ita ce hana-babakere, adadin da ake ware wa jiha kaso ko gurbi, juya kujera tsakanin yankuna karɓa-karɓa. Damawa da kowa a bar wa masu jawabin rantsuwa.

Tsohon ɗan jarida:
Ni fa ban sauka ba. Gobe in na rubuta, raba-daidai zan sa a kanun labari, don ita mai karatu ya sani. Amma zan jefa taku a sakin layi na biyu, in ga ko za a kira a tambaye ni ma'anarta.

Wata daga Jos:
In kun gama da wannan, a buɗe mana zance a kan indijin. "Ɗan asali" da "ɗan ƙasa" duk ana faɗa, kuma ba abu ɗaya suke nufi ba a wurin mai ba da takarda.