Neman shawara: yaran badujalarmu sun nace sai sun busa Tico-Tico

Malamin badujala: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyar da yara 14 busa a makarantarmu, babbansu shekararsa 16. Sun ga bidiyon wasu samari suna busa kiɗan nan na Brazil, Tico-Tico no Fubá, tun daga ranar ba su bar ni na huta ba, wai shi za su yi a bikin ƙarshen zango. Saura mako shida. Mun samu takardar kiɗan, amma masu turampet da sun ɗauko sai yatsunsu su sarƙe, kafin a kai tsakiya numfashi ya ƙare. Ba na so su ji kunya gaban iyayensu, ba na kuma so in kashe musu gwiwa, don ban taɓa ganin suna zuwa atisaye da wuri haka ba. In canja musu wani ne, ko akwai dabara?

Tsohon ɗan badujalar soja: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka canja. Fara duba takardar: a wane ki aka rubuta, wato a kan wane jerin sautuka aka gina kiɗan? Asalinsa a kin da ake kira A maino yake, turampet kuwa Bi fulat ce, wato ana rubuta mata sauti taki ɗaya sama da wanda take fitarwa, don haka yaranka suna karanta shap biyu (alamar da ke ɗaga sauti kaɗan), in an shiga ɓangaren A mejo su koma biyar. Wannan kaɗai ya isa ya ɗaure yatsun babba, balle yaro. Sauke shi taki ɗaya zuwa G maino, za su karanta farkon ba shap ko ɗaya. Sannan ka raba jimlolin tsakanin masu turampet biyu, wannan ya yi ya miƙa wa wancan, kowa ya samu wurin shan iska. Sautuka uku ne ke shiga kafin bugun farko, a nan yara suka fi yin tuntuɓe. Ku yi ta maimaita su da baki da tafi kafin kowa ya ɗauki ƙaho.

Malamar kiɗa: Baba ya faɗi gaskiya. Ni abin da zan ƙara, gudun da suka gani a bidiyo ba dole ba ne. Kiɗan choro ne, wanda ya taso a Rio de Janeiro, da sarewa da jita da ɗan tamburan da suke kira pandeiro ake yinsa. Zequinha de Abreu ya rubuta shi a 1917, sai a 1931 aka fara ɗaukarsa a faifai. Tico-tico wani ɗan tsuntsu ne mai kama da gwara, fubá kuma garin masara. Ka ba yaran wannan labarin: tsuntsu ne ke tsalle yana tsattsagar gari, a kore shi ya dawo. Nawa ɗaliban da suka ji haka sai suka daina danna sautin da ƙarfi, suka koma taɓa shi sama-sama.

Mahaifiyar mai turambon: Don Allah Malam a riƙa ba su hutu. Ɗana yakan dawo leɓensa a kumbure. Gara minti ashirin sau biyu da awa guda a jere.

Malamin badujala: Na gode ƙwarai. Baba, na duba, A maino ne kuwa. Yau da dare zan zauna in sauke shi. Hajiya, na karɓi gyara. Tambaya ɗaya ta rage: ba mu da pandeiro, tamburan ɗin makaranta zai yi?

Tsohon ɗan badujalar soja: Zai yi sarai. Ba wa yaron da hannunsa bai rawa, ka tsayar da shi kusa da mai busa babban ƙahon nan, tuba, su biyun su riƙe bugun. Babbar ganga kuma a sassauta mata, kada ta mayar da shi fareti.