Yaya ake karanta simlink ta hanyar da za ta yi aiki a Linux, macOS da Windows?

Ɗan_Sikirif:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da wani ƙaramin sikirif, wato fayil mai jerin umarni, da ke tayar da manhajarmu. Ainihin fayil ɗin yana cikin foldar manhajar, simlink kawai, wato ɗan fayil mai nuna inda wani fayil yake, muke ajiyewa a /usr/local/bin. Aikinsa na farko shi ne ya gano foldar da yake zaune da gaske, don a can fayilolin saiti suke. Na sa `readlink -f "$0"`, a Ubuntu lafiya lau. Abokin aikina mai tsohuwar MacBook ya kunna, ita kuwa ta ce masa `illegal option -- f`, ta tsaya cak. Yanzu kuma an ce in sake rubuta wannan ɓangaren da yaren C, har Windows ma ana so ya hau. Akwai hanya guda da za ta yi ko'ina, ko dole kowane tsari da tasa?

Tsohon_Unix:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ayyuka biyu ka haɗa wuri ɗaya. Karanta abin da aka rubuta a cikin simlink daban, bin sa har ƙarshen hanya daban. `readlink` zalla na farkon yake yi, kuma wannan kusan ko'ina yana nan. Ita `-f` ta GNU ce ke bin sarƙar duka, kuma macOS bai samu ta ba sai a 12.3, a 2022. Kwamfutar abokin naka ba ta kai can ba. POSIX ma, wato ƙa'idar bai-ɗaya ta tsarukan Unix, sai a bugun 2024 ya shigar da umarnin `readlink` da `realpath`, don haka kada ka ɗora sikirif a kansu tukuna.

Wasu za su ce ka sa shi ya girka coreutils ta Homebrew ya yi amfani da `greadlink`. Ni ban yarda ba, ka mayar da matsalarka kan mai amfani ke nan. Ka rubuta madauki da kanka: muddin `[ -L "$f" ]` gaskiya ne, wato fayil ɗin simlink ne, karanta simlink ɗin, in amsar ta fara da / ka ɗauke ta yadda take, in ba ta fara ba ka liƙa ta a jikin foldar da simlink ɗin yake ciki. A nan mutane suka fi faɗuwa. `../lib/app.sh` ana auna ta daga inda simlink yake zaune, ba daga inda kai kake tsaye ba. A ƙarshe ka yi `cd -P` zuwa foldar, sannan `pwd -P`. Ka kuma sa iyaka ga madaukin, domin in a ya nuna b, b ya nuna a, sai ka kwana kana zagaye. Linux kansa yana tsayawa a simlink 40 ya ce ELOOP, wato zagayen ya yi yawa.

Mai_C:
Malam ya gama da sikirif, bari in taɓa C. Kiran `readlink` tun 4.2BSD na 1983 yake, kuma halinsa bai sauya ba: ba ya sa bayit ɗin sifiri a ƙarshe, adadin bayit ɗin da ya zuba kawai yake dawo maka da shi. In bafarka, wato wurin da ka ware don a zuba amsar, ta yi kaɗan, ya yanke rubutun shiru, babu kuskure babu gargaɗi. Don haka in abin da ya dawo ya yi daidai da girman bafar, ka ɗauka an yanke, ka ninka ta ka sake kira.

Kada ka jingina da PATH_MAX, wato iyakar tsawon hanyar fayil. A Linux 4096 ne, a macOS 1024, GNU Hurd kuwa bai ma ayyana shi ba. Haka `st_size` na `lstat`: yawanci yana ba da tsawon rubutun, amma ka gwada shi a /proc/self/exe za ka ga sifiri. Kuma ko ya faɗi gaskiya, wani zai iya sauya simlink ɗin tsakanin kira biyun.

Ɗan_Sikirif:
Na gode Malam, na gode ɗan'uwa. Madaukin ya yi a MacBook ɗin. To Windows fa?

Yar_NTFS:
Windows wata duniya ce, ɗan'uwa. Babu `readlink` a can. Simlink ya zo da Vista, a matsayin wata alama ta musamman a jikin fayil a NTFS, tsarin ajiyar fayil na Windows, kuma junction, ɗan'uwansa na foldoji, ya riga shi tun Windows 2000. Don ka karanta, sai ka buɗe da `CreateFile` tare da FILE_FLAG_OPEN_REPARSE_POINT, in folda ce ka ƙara FILE_FLAG_BACKUP_SEMANTICS, sannan ka kira `DeviceIoControl` da FSCTL_GET_REPARSE_POINT. Sunaye biyu za ka tarar a ciki, ɗaya na nuna wa mutum, ɗaya wanda tsarin ke bi, mai farawa da `\??\` in cikakkiyar hanya ce.

Amma kai ƙarshen hanya kake nema, ba rubutun ciki ba. `GetFinalPathNameByHandle` ya ishe ka, sai dai amsarsa na zuwa da `\\?\` a gaba, kuma ba kowace manhaja ke karɓar wannan ba. In an yarda ka yi C++17, `std::filesystem::canonical` ya ɗauke maka wahalar a tsarin ukun duka. Python ma `os.path.realpath` yana bin simlink a Windows daga 3.8.

Abu guda kafin ka fara gwaji: in ta git kuke raba fayilolin, ka duba `core.symlinks` a kwamfutar Windows ɗin. Ƙirƙirar simlink a can yana buƙatar izini na musamman ko a kunna yanayin masu haɗa manhaja na Windows 10, kuma in saitin yana false, git zai ajiye maka ɗan fayil na rubutu mai ɗauke da hanyar a maimakon simlink. Manhajarka za ta ce ba simlink ba ne, kuma gaskiyarta.