Gidan gado a tsohon garin Agadas: in gyara na laka ko in sayi fili in yi na bulo?

Ɗan Agadas, Aboabo:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa yin gini a gida alhali suna zaune a nan Gana. Gidanmu na gado yana cikin tsohon garin Agadas, kusa da babban masallaci, ginin laka ne tun na kakanni, kuma mahaifiyata tana ciki tare da ƙannena mata. Ruwan damunar 2024 ya kayar da katangar gabas, ya tsaga bangon zaure, ɗakin tsohuwa kuma yana yoyo domin azara biyu sun ruɓe. Abin da na tara ba zai yi aiki biyu ba: ko in gyara gidan yadda yake, ko in sayi fili a bayan gari in fara ginin bulo a hankali. Tsohuwa ta ce ba za ta bar unguwar da aka kai ta amarya ba, sannan tun 2013 da UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya, ba a barin mutum ya rushe ya gina abin da ya ga dama. Wanda ya san kan abin ya taimake ni.

Alhaji Mai Goro, Alabar:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka rushe gidan gaba ɗaya ka tayar da bulo, ka zuba rufin kankare yadda nan gaba za ka hau bene. Haka na yi a Tawa, kuma har yau ban sake kashe ko dala a kansa ba. Zamanin laka ya wuce.

Malam Magini, Asawase:
Alhaji, da girmanka, yaron ya faɗa cewa ba za a bar shi ya rushe ba. Na yi aikin laka a Damagaram da Agadas kafin in koyi bulo a Kumasi, kuma abin da na gani shi ne, ruwan da ke sauka daga sama ba shi ke kayar da gidan laka ba, wanda ke kwanciya a gindin bango ne. Indararo ya toshe, ko rariya ta cika, ruwa ya kwana yana jiƙa tushe, da safe sai a ga katanga a ƙasa. Ƙanena, ka sa a duba maka indararo da gangaren tsakar gida kafin komai, a canza azarar da ta ruɓe da goruba mai ƙwari, a sake daɓen rufi. Kuma ina roƙonka kada ka yarda a yi wa bangon laka yaɓen siminti, domin ba sa kama juna. Danshi zai ɓuya a bayansa yana cin bangon ba wanda ya sani, ranar da yaɓen ya ɓamɓare sai ka tarar ciki ya zama gari. Ka tuna hasumiyar masallacin nan mai mita 27 da laka aka yi ta, yaɓen da ake sabunta mata ne ya riƙe ta. Game da zafi kuwa, a watan Mayu tsohuwa za ta iya yin barcin rana a ɗakin laka mai kaurin bango, amma a ƙarƙashin kwano ba za ta iya ba.

Hajiya Mai Atamfa, Nima:
Ku bar maganar laka da bulo tukuna, ku tambaye shi wa zai riƙe kuɗin. Lokacin da aka samu zinariya a Jado a 2014, Agadas ta cika da baƙi, filaye suka fara tashi, sai ƙanen mijina ya kira ni ya ce in yi sauri in sayi fili kafin ya fi ƙarfina. Na tura. Ya ce a yi harsashi, na tura. Duk ƙarshen wata sai ya aiko min da hoton bulo a jere da tulin yashi da leburori suna kwaɓa siminti, ni kuwa ina hana kaina ina hana 'ya'yana, har adashin da na ci gaba ɗaya na aika don sayen rodi. Ranar da na je da kaina, aka kai ni wani fili a bakin ƙoramar Telwa, inda ruwa ya share gidaje a 2009, babu komai a cikinsa sai layi uku na bulo da suka fara marmashewa domin ba a shayar da su ruwa ba. Na sa yatsa na kankare ɗaya, yashi ya zubo. Hotunan da yake turo min na ginin maƙwabci ne. Da na ce zan kai ƙara, dangi suka taru a kaina, wai zan tona asirin gida saboda abin duniya, uwar mijina ta yi kuka, aka ce in bar wa Allah. Na bar wa Allah, amma har gobe idan na ga ana sauke bulo a Nima sai gabana ya faɗi.

Alhaji Mai Goro:
Innalillahi. Hajiya, Allah ya mayar miki da alheri. Nawa ya ce miki yana sayen tan ɗin siminti a lokacin?

Hajiya Mai Atamfa:
Bai taɓa rubuta min ƙasa da jika 120 ba, wato sefa dubu 120.

Direban Tirela, Tema:
To a nan ban ce ya yi miki ƙarya ba, Hajiya. Bayan an rufe iyakar Benin a 2023, kaya suka koma bi ta Lome da Burkina, ni da idona na ga an sayi tan sama da jika 100 a Agadas. Wanda bai bi hanyar Tawa zuwa Agadas da kaya ba, ba zai gane dalilin ba. Ramukan hanyar kaɗai sun isa su ci taya da sifirin.

Ɗalibi, Madina:
Gwamnatin Nijar ta rage farashin siminti a watan Oktoban 2024 saboda ɓarnar ambaliya, kuma abin da aka ƙayyade bai kai jika 60 a tan ba. Tan buhu 20 ne, kowa ya yi lissafi.

Direban Tirela:
Wannan farashin takarda ne, ɗan'uwa. Yayana ya sayi simintin kamfanin Malbaza bayan sanarwar a kan jika 4 buhu, kuma sai da ya jira mota ta iso.

Alhaji Mai Goro:
Yaro, ka taɓa ɗora bulo ɗaya a kan ɗaya? Idan manya da suka gina gidaje suna magana, mai karatu a waya saurare ne nasa.

Malam Magini:
Alhaji, wanda ya biya kuɗi ya gina gida ɗaya ne, wanda ya riƙe cokalin gini kuwa gidaje da yawa suka bi ta hannunsa. Tawa ma ba Agadas ba ce, ƙasar gininsu ba iri ɗaya ba ce, dokar da ke kan tsohon gari kuma babu ita a can. Gyaran laka bai dogara da farashin siminti ba. Abin da zai ci kuɗin yaron shi ne goruba, da ruwa, da samun maginin da ya iya, domin matasa da yawa sun bar sana'ar sun tafi haƙar zinariya.

Bazabarme, Sabon Zango:
Ni mamakina ɗaya, yaushe Buzaye suka fara gardamar bulo da kankare? Ku kafa wa tsohuwa bukkar tabarma, idan ruwa ya zo ku naɗe ku ɗora wa raƙumi.

Ɗan Agadas:
Bawana, za mu haɗu, ka tanadi kuɗin sharata. Iyayena, na gode, amma har yanzu ban ji wanda ya taɓa gyara gida a cikin tsohon garin ba. Wa ake fara gani, ofishin magajin gari ko fadar Sarkin Abzin? Kuma ƙanwata ce za ta riƙe kuɗin, ita ke kwana a gidan.

Hajiya Mai Atamfa:
Nawa ma ɗan'uwa ne, kuma yana salla a sahun gaba. Ka je da kanka ka zauna har a gama, ko ka bar kuɗinka a nan.

Baba Mai Shayi, Sawaba:
A bar kuɗin a nan a yi me da su, Hajiya? Na sayi fili a nan Gana, a bayan garin Kasuwa, hanyar Kef Kos, da takardar da mai unguwa ya sa wa hannu, na tayar da gini har taga, sai ga wani da tasa takardar da samari majiya ƙarfi masu gadin fili, suka ture bangon a gabana. An yi dokar filaye a 2020 wadda ta haramta irin waɗannan samari, amma ban ga ta dawo min da bulo ɗaya ba. Yanzu ina haya, mai gida yana neman kuɗin shekara biyu a dunƙule, alhali doka ta ce kada a wuce wata shida.

Alhaji Mai Goro:
Shekara biyu ai da sauƙi, Malam. A Alabar an ce wa surukina ya kawo na shekara uku, kuma shi zai gyara banɗakin da kuɗinsa. Nawa mai gidanka ya sa maka ɗaki da falo a wata?