Miyar dangwale mai sanyi da yaji don walima

Amaryar Jidda:
Assalamu alaikum. Iyayena da yayyena, a taimaka. Walima ce ta mutum 30 a istiraha, wato wurin biki na haya, ranar Juma'a, za a yi sambusa, soyayyen dankali da kubz, burodin Larabawa. Ina son abin dangwalawa mai kauri da yaji wanda ba sai an ɗora tukunya ba. Zabadi, wato yogot, ya isa ko sai labna, yogot ɗin da aka tsane ya yi kauri? Kuma me ke sa shi tsinkewa a faranti?

Mai girkin biki, Makka:
Wa alaikumus salam, amarya. Labna za ki saya, kilo 1. Zabadi ruwa ya yi masa yawa. In shi kaɗai kika samu a bagala, wato kantin unguwa, ki juye kilo 2 a farin ƙyalle a kan rariya ya kwana a firij, zai tsane ya koma kusan rabi.

Ki daka koren barkono 4, tafarnuwa ƙwaya 3 da ƙaramin cokali 1 na gishiri a turmi, ki matse lemun tsami 2 a kai, ki bar shi minti 10. Tsamin ne ke kashe kaifin ɗanyar tafarnuwa. Sai ki zuba tahina, wato markaɗaɗɗen riɗi, babban cokali 6. Nan take za ta cure kamar tuwo, kada ki tsorata ki zubar. Ki ci gaba da juyawa kina ɗiga ruwan sanyi cokali-cokali har ta saki ta yi sumul. Daga nan ki haɗa da labnar da cokali, a hankali, ki yaryaɗa man zaitun a sama.

Tsinkewa kuwa, yawanci blanda ce. Tana karya kaurin labna, kuma ba ya dawowa sosai ko an sa a firij. Na biyu kokwamba ko tumatir: gishiri na janyo ruwansu. In dole sai kin sa kokwamba, ki goga, ki barbaɗa gishiri, bayan minti 15 ki matse da hannu.

Baban Yara, Riyad:
Hajiya ta gama magana. Abin da zan ƙara, ƙanwata, madara na danne zafin barkono, sanyi kuma na rage ɗanɗanon gishiri. Sai ya yi awa 1 a firij za ki ɗanɗana ki gyara. In yaji bai ji ba, ƙaramin cokali na yajin ƙuli ya fi shattar kwalba, wato miyar barkono ta kanti, don ita ruwa da khal, wato binega, za ta ƙara miki. Kada ki fitar duka lokaci ɗaya. Ƙananan kwanoni, in wani ya ƙare a sako wani. Abin madara ba ya wuce awa 2 a waje, a zafin Jidda in tsakar gida ne awa 1.

Amaryar Jidda:
Na gode, Allah ya saka. Mayonis fa, Anti?

Mai girkin biki, Makka:
Cokali 3 ba laifi. Ya wuce haka maiƙo zai rufe tsamin, ga sambusa ma da nata man.

'Yar Gadarif, Madina:
'Yar'uwa, ki yi kwano na biyu irin na Sudan don masu son yaji sosai. Dakwa, markaɗaɗɗiyar gyaɗa marar sukari, babban cokali 8, koren barkono 6 dakakke, lemun tsami 3, gishiri, da ruwan sanyi kaɗan-kaɗan har ya riƙe jikin cokali. Yana ƙara kauri in ya zauna, saboda haka ki bar shi da ɗan laushi. Ki ware masa cokalinsa daban, ki kuma sanar da baƙi akwai gyaɗa da riɗi, don akwai yaran da jikinsu ba ya karɓa.