Wa ya ƙirga mu har aka san yawan marasa aikin yi?

Sadiƙu:

Assalamu alaikum. Akwai abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai. Duk sanda gwamnati ta fito ta ce marasa aikin yi kashi kaza ne cikin 100, ko ta ce albashi ya ƙaru da kaza, sai in ce to wa ya ƙirga? Na gama karatu ina neman aiki, kuma babu wanda ya taɓa zuwa gidanmu ya tambaye ni. Abokaina ma haka. Shin takardun neman aiki ake tattarawa a lissafa, ko a ofis ake zama a rubuta abin da aka ga dama? Sannan nakan ɗan taɓa gyaran waya idan wani ya kawo. A lissafinsu ina cikin masu aiki ne ko marasa aiki?

Maman Hanifa:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, na yi wannan aikin na bin gida gida da tambayoyi, bari in gaya maka yadda yake.

Ba kowa ake tambaya ba. Gidaje ake zaɓowa, kuma mu da muke shiga gidajen ba mu da hannu a zaɓen. Ana raba ƙasa zuwa ƙananan yankuna bisa taswirar ƙidayar jama'a, kwamfuta ta fitar da wasu yankunan kamar ƙuri'a, a je a rubuta duk gidajen da ke ciki, sannan a sake fitar da wasu daga cikinsu. Jerin da aka ba ni shi zan bi. Idan na tarar da gida a rufe ba ni da ikon shiga na maƙwabci don ya fi sauƙi, sai dai in koma da yamma, in koma washegari. Dalili kuwa, mutanen da ake samu a gida da hantsi galibi su ne marasa fita aiki, idan su kaɗai na tambaya na lalata lissafin. Kamar gwajin jini ne, ɗan kaɗan likita yake ɗiba amma ya san halin jikin duka. A Amurka ma, mai mutum sama da miliyan 330, gidaje kusan 60,000 ne kawai ake tambaya duk wata. Don haka rashin zuwa gidanku ba alamar maguɗi ba ce.

Abin da zai fi ba ka mamaki shi ne, ban taɓa tambayar kowa “kana da aiki ko ba ka da shi” ba. Babu wannan tambayar a takardar. Abin da nake karantawa shi ne: a makon da ya wuce, ka yi wani aiki don a biya ka ko don riba, ko da na awa ɗaya ne? In ka ce a'a, sai in ci gaba: kana da aikin da ba ka je ba saboda rashin lafiya ko hutu? Ka taimaka a sana'ar gidanku? A makonni huɗu da suka wuce ka yi wani abu na neman aiki, kuma me ka yi? Da an ba ka aiki, a shirye kake ka fara? Amsoshin nake shigarwa, daga baya ne a hedikwata ake sa kowa a rukuninsa.

Saboda haka kai Sadiƙu, in a makon da ake tambaya a kansa ka gyara waya ɗaya aka biya ka, mai aiki ne kai a lissafi. In makon ya zo babu wanda ya kawo, amma ka kai takardarka wani wuri ko ka kira wani kan batun aiki, to kana cikin marasa aikin yi. In kuwa ka gaji ka daina nema gaba ɗaya, ba ka cikin ko ɗaya, an fitar da kai daga lissafin ma'aikata. Wannan na ukun shi ya fi ci mini rai a aikin, domin sau da yawa su ne suka fi kowa shan wuya.

Akwai gidan da ba na mantawa da shi. Maigidan ne ya amsa wa kowa, da na zo kan matarsa ya ce ba ta aikin komai. Ina rubutawa ina jin ƙarar keken ɗinki daga ɗaki. Na nemi izini na shiga, na same ta da tulin yadin mutane a gefe, awo a wuya, tana cire zare da haƙori. Na karanta mata tambayar yadda take a rubuce, ta ce ai kullum tana ɗinki ana biyanta, amma wannan ba aiki ba ne, aiki shi ne na masu fita da safe. Shi ma mijin ba ƙarya ya yi ba, haka ya ɗauka. Irin wannan ne ya sa aikin mata yake ɓacewa a alƙaluma idan mai tambaya ya yi gaggawa.

Malam Habu:

Hajiya ta gama magana kan yadda ake yi. Ni zan ƙara daga inda dokar awa ɗayar ta fito, don na san nan ne mutane suke tayar da jijiyar wuya.

Ba gwamnati ɗaya ce ta ƙirƙiro ta ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, mai hedikwata a Geneva, tana tara masana ƙididdigar ƙwadago lokaci lokaci, kuma a taronsu na 13 a shekarar 1982 aka tsayar da sharuɗɗan nan uku na mara aikin yi: ba ya aiki, yana nema, a shirye yake. A taro na 19 a 2013 aka yi gyara babba, aka ce aikin yi shi ne wanda ake yi don lada ko riba. Manomin da yake noma don cin iyalinsa kawai, ba don sayarwa ba, an ware masa rukuni daban.

Sakamakon wannan ma'auni shi ne, ƙasar da talauci ya yi wa katutu tana iya fitowa da adadi ƙarami. Inda babu tallafin da ake ba wanda ya rasa aiki, ba wanda zai iya zama mako guda hannu rabbana, dole ya taɓa wani abu. Dubi Najeriya. Hukumar ƙididdiga ta ce kashi 33.3 ne a ƙarshen 2020, sannan a 2023 ta fitar da kashi 4.1. Ba ayyuka ne suka sauko daga sama ba. A da duk wanda bai yi awa 20 a mako ba ana sa shi cikin marasa aiki, sai aka koma ma'aunin awa ɗaya. Rahoton da ya kawo 4.1 ɗin shi ne kuma ya nuna sama da kashi 90 na masu aikin suna ayyukan da ba su da rajista ko kariya. Jaridu suka ɗauki 4.1 ɗin suka bar kashi 90 ɗin.

Ra'ayina shi ne ma'aunin ba shi da laifi, laifin na mai karanta lamba ɗaya ya tashi ne. Amurka ma'auni shida take fitarwa duk wata, daga U-1 zuwa U-6. Wanda ake ji a labarai U-3 ne, amma U-6 yana haɗawa da waɗanda suke son aiki suka daina nema, da masu aikin 'yan awoyi da ba su sami cikakke ba.

Lawal:

Malam, na ji bayaninku, amma ni batun albashin ne bai shige ni ba. Wa zai gaya wa baƙo gaskiyar abin da yake samu? Sannan sai ka ji an fitar da adadi yau, bayan wata biyu a ce an gyara. In ba wasa da hankali ba, me ya sa ba za a faɗi daidai tun farko ba?

Malam Habu:

Malam Lawal, tambayarka a kan hanya take. Inda ayyuka suke da rajista, ba ma'aikaci ake dogara da shi ba wajen albashi, wurin mai biya ake zuwa. A Amurka akwai bincike na biyu da yake karɓar bayanin biyan albashi daga kamfanoni da ma'aikatu sama da 100,000 duk wata. Birtaniya kuma duk shekara a watan Afrilu takan zaɓo kashi 1 cikin 100 na ayyuka daga rajistar haraji, ta aika wa masu ɗaukar aikin su cike abin da suka biya. Shi ya sa binciken gidaje da na kamfanoni sukan saɓa: mai aiki biyu mutum ɗaya ne a binciken gidaje, amma a na kamfanoni sau biyu zai fito, mai sana'ar kansa kuwa ba zai fito ba sam.

Gyaran da ka ambata daga nan yake tasowa. A Amurka, ranar da za a fitar da rahoto ba duka kamfanoni suka aiko ba, sai a fitar da abin da ke hannu, a gyara sau biyu a watanni biyu masu biyowa, sannan duk shekara a daidaita da takardun harajin inshorar rashin aiki, waɗanda suka ƙunshi kusan kowane mai albashi. Ni hukumar da ba ta taɓa gyara adadinta ba ita zan fi zargi. Amma gyaran yana da zafi a siyasance. A ranar 1 ga Agustan 2025 Shugaba Trump ya kori shugabar hukumar ƙididdigar ƙwadago, Erika McEntarfer, a ranar da rahoto ya rage ayyukan watannin Mayu da Yuni da 258,000.

Ka kuma kula da wane matsakaici ake nufi. Idan aka tara albashin kowa aka raba, 'yan tsirarun masu ɗaukar maƙudan kuɗi sai su ja shi sama. Wanda ya fi nuna halin talaka shi ne albashin mutumin da yake tsakiyar layi, rabin ma'aikata a samansa, rabi a ƙasansa. A Afrilun 2020, lokacin kullen korona, matsakaicin albashin awa a Amurka ya yi tsalle, alhali ba ƙari aka yi wa mutane ba. Masu ƙaramin albashi ne aka sallama da yawa, suka fita daga lissafin.

Abin da ya fi damuna yanzu ba maguɗi ba ne, ƙin amsawa ne. A Oktoban 2023 hukumar ƙididdigar Birtaniya ta dakatar da fitar da alƙaluman binciken gidajenta na ɗan lokaci, saboda masu amsawa sun ragu har ba a iya dogara da sakamakon.

Sadiƙu:

Allah Ya saka da alheri, Hajiya da Malam. Saura guda: in mutum ya faɗi abin da yake samu, ba za a miƙa wa masu haraji ba?

Maman Hanifa:

Amin. Ba a miƙawa. Kafin a ba mu kayan aiki sai mun sa hannu a takardar riƙe sirri, kuma ana cire suna da adireshi kafin bayanan su kai ga masu lissafi. A Amurka wanda ya fallasa yana iya shan ɗaurin shekara 5 ko tarar dala 250,000. Amma duk da na yi wannan bayanin a bakin ƙofa, tambayar kuɗi ita ce inda fuska take canzawa. Ɗan kasuwa zai rage, wani matashin kuma ya ƙara don kada ƙannensa da ke zaune su raina shi. Mai sana'a da yawa ma bai sani ba, don bai taɓa raba kuɗin jari da riba ba. Da irin su sai mu zauna mu bi a hankali: nawa ka sayar a makon, nawa ka saro kayan, nawa ka biya yaron shago. Wanda ya ƙi faɗin adadi kuma akan nuna masa jerin tsakanin kaza da kaza, ya nuna layin da yake ciki da yatsa. In suka zo gidanku ka fara neman ganin katin shaidarsu, sannan ka roƙi a tambayi kowane baligi da bakinsa, har da iyaye mata.