Neman kalmar Hausa: éligibilité

Hadiza, Garwa: Salamu alaikum. Gobe ƙarfe 8 na dare ina da shiri a rediyo kan sashe na 6 na kundin tsarin mulkin 1996: mai neman shugabancin Kamaru sai haifaffen ɗan ƙasa, wanda ya cika shekara 35. Kalmar Faransancin nan éligibilité ce ta tsaya mini a wuya. A taimaka.

Sani: Cancanta. An gama.

Malam Buba, Marwa: Ba a gama ba, ɗana. Cancanta yabo ce. In Hadiza ta ce wane ya cancanta, mai shayin da ya kunna rediyo a tasha zai ɗauka ta ce mutumin kirki ne. Kundi kuwa ba ya auna kirki, shekaru yake ƙirgawa, takardar haihuwa yake dubawa. Sefa miliyan 30 ɗin da dokar zaɓe ta ce ɗan takara ya ajiye, ɓarawo ma yana iya ajiyewa. Ni "zaɓuwa" nake koya wa ɗalibaina. Yi, yiwuwa. Gyara, gyaruwa. Zaɓa, zaɓuwa.

Sani: Allah ya gafarta Malam, "wane ba ya zaɓuwa" ai kamar an ce ba zai ci ba ne. Kuma ban taɓa jin ta a rediyoyin waje ba.

Malam Buba: To, komai sai Kano ta buga masa hatimi? Hausarmu ta aro ce?

Abakar, Kusiri: Ku da kuke ta "kundin tsarin mulki", mu nan dustur muke ji daga tsallaken kogi, kalma ɗaya tak.

Sani: Wannan Larabcin Injamena ne, ba Hausa ba.

Abakar: Siyasa fa? Daga bakin kakanka ta fito? Ko ma me aka kira shi, an rubuta shi ne don ya ɗaure mai mulki, sai ga shi a 2008 an kwance iyakar wa'adi biyu.

Hadiza: Abakar, rufa mini asiri, kada a rufe mini shiri. Na rubuta "cika sharuɗɗan tsayawa takara". Baba Malam, a yi haƙuri.

Malam Buba: Kalma huɗu a gurbin ɗaya. Je ki, 'yata. Amma ki jefa zaɓuwa ko sau ɗaya, mu ji ko wani zai bugo waya.